Ban Haƙuri a Kantin Magani

Abu guda Lauya ta roƙi dangin Auta ranar da alƙali ya ba da belinsa, kuma ba da yaren kotu ta faɗa ba balle a ce ba a gane ba. Kada kowa ya je wurin matar da ta kawo ƙara. Kada a kira ta, kada a aika mata, in an hango ta a titi a sauya hanya. Duk wanda ya karya wannan sharaɗi, Auta ne zai koma gidan yari, can zai zauna har a gama shari'a. Ta faɗa a ofishinta, ta maimaita a bakin kotu, ta sake faɗa a waya, suna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Auta mai koyar da tuƙin mota ne. Wata ɗalibarsa, ma'aikaciya a kantin magani, ta ce ana cikin darasi ya sa ta tsaya a wani lungu, ya kulle ƙofofi, ya kai hannu jikinta da ƙarfi. Shi ya ce bai yi ba. Lauya ta daɗe a wannan aiki, ta daina yi wa kowa rantsuwa, don ba ta cikin motar. Nata shi ne ta tabbatar an saurare shi yadda doka ta ce, an auna kowace hujja, kuma hakan ya fi sauƙi in mutumin yana waje, yana zuwa ofis suna zama.

Da safiyar ranar da za a ci gaba da shari'a, mai gabatar da ƙara ya tare ta a barandar kotu. Ya miƙa mata wayarsa, yana yi mata wani kallon tausayi da ya fi zagi ciwo. Bidiyo ne, wani mai sayen magani ya ɗauka. Ga mahaifiyar Auta durƙushe a gaban kanta, ta riƙe gefen farar rigar matar. Ga Kawun Auta tsaye yana yi wa mutanen da ke kan layi bayanin abin da ya kawo su, dalla-dalla, kamar an tambaye shi. Ga yayar Auta tana sharar hawaye. Matar kuwa ta ja baya har ta jingina da kwalaben magani, ta toshe bakinta da hannu. Muryar tsohuwar ta fito tar: “Ki yafe masa, 'yata, sharrin shaiɗan ne.”

Lauya ta mayar da wayar, ta yi godiya. Haushi ya turnuƙe ta har sai da ta ji ɗaci a harshenta.

Ta sami Auta da danginsa a kan bencin ƙarshen baranda, sun jeru cikin kaya masu guga, fuska a sake, irin ta waɗanda suka yi aikin kirki suna jiran yabo. Kafin ta buɗe baki Kawu ya karɓe zancen. Ya ce su fa ba su karya sharaɗin kowa ba, domin ba gidanta suka je ba, wurin aikinta suka je, kuma kanti ai na kowa ne. Ya ce a shekarunsa ya kashe wutar da ta fi wannan, duk ta hanyar zaman manya da kalma mai daɗi. Yaya ta ƙara da cewa ko sunan kotu ba su ambata ba. Lauya ta tsaya tana kallonsu. Ta kare ɓarayi, ta kare maƙaryata, amma ba ta taɓa shan wuya a hannun kowa ba kamar yadda take sha a hannun masu kyakkyawar niyya.

Ta durƙusa daidai tsohuwar, ta yi ƙoƙarin sassauta murya.

“Mama, ɗanki ya ce bai yi komai ba. Ke kuma kin je gaban jama'a kin ce a yafe masa. Me za a yafe?”

“Ai haka ake cewa, 'yar nan. In mutum ya je ban haƙuri, me zai ce?”

Lauya ta juya ga Auta, wanda tun ɗazu yake wasa da makullin mota. Hanya ɗaya ta rage mata: ta nuna wa kotu cewa shi bai san da tafiyar ba. Ta tambaye shi ko ya sani. Ya rantse bai aike su ba, bai raka su ba, har cewa ya yi a bari. Ta fara sauke numfashi ke nan ya ƙarasa.

“Kwatancen kantin kawai na yi musu, don kada su ɓata.”

Garin neman gira an rasa ido. Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwarta, ta koma gefe har aka kira ƙarar.

A ciki, mai gabatar da ƙara bai ko ɗaga murya ba. Ya kunna bidiyon, sannan ya shaida wa kotu cewa tun ranar matar ba ta koma aiki ba. Abin da ta ɓoye wa abokan aikinta, yanzu duk mai zuwa sayen maganin ciwon kai ya san shi, kuma tana tsoron wanda zai sake shigowa. Lauya ta waiga ta gan ta a kujerar baya tare da wata ƙanwarta, kanta a sunkuye. Kunya ta kama Lauya, kunya sosai, kamar ita ce ta riƙe rigar.

Duk da haka ta tashi ta yi aikinta. Ta ce tsohuwa ce da tsoro ya ruɗa, ba a yi barazana ba, ba a yi tayin komai ba, kuma wanda ake tuhuma bai taka ƙafarsa wurin ba. Alƙali ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya yi tambaya guda: wa ya gaya musu inda matar ke aiki? Lauya ba ta yi wa kotu ƙarya, ko don wa. Ta ce ba za ta iya musanta cewa daga wanda take karewa suka ji ba.

Aka soke belin. Ɗan sanda ya taɓa kafaɗar Auta, shi kuma ya miƙa wa yayarsa makullin, aka fita da shi ta ƙofar gefe.

A baranda Kawu ya matso, ya rage murya, ya ce ya san wani da ya san wani maƙwabcin alƙalin, in an je an yi masa bayani a gida zai fahimta. Lauya ta yi masa kallo ɗaya, ya haɗiye sauran. Tun safe take wasa harshenta don wannan lokacin, maganganu sun cika mata baki, tana neman wanda za ta fara sauke wa.

Sai tsohuwar ta kamo hannunta. Ba ta kuka. Idonta na kan ƙofar gefen da aka rufe.

“'Yar nan, gaya mini gaskiya. Ni na mayar da shi, ko?”

Lauya ta nemi wata amsar, ta rasa.

“Eh, Mama,” ta ce.