Baƙin Mai a Barandar Nonso

A unguwar PZ akwai wata doka da ba a rubuta ba, amma duk mai kwana a waje ya san ta. Wanda ya share barandar shago kafin mai shi ya iso da safe, shi ke da wurin kwana a nan idan an rufe. Ba haya, ba godiya, tsintsiya ce kawai.

Shekara biyu ke nan Ƙauna tana share barandar Nonso, mai sayar da kayan gyaran babur. Da rana tana wanke-wanke a wurin wata mai abinci, da yamma ta shimfiɗa wa mahaifinta Baƙo kwali a lungun da ruwan sama ba ya kaiwa. Baƙo ya yi shekara ashirin da uku yana aiki a wata masana'anta a Chikaji, har ranar da aka garƙama wa ƙofarta kwaɗo. Ɗakin haya ya fara tafiya, sannan ido ya bi. Mutanen da suka yi aiki tare da shi suna wucewa ta gabansa kullum, kuma duk sun ƙware a duban gefe.

Ranar Laraba hadari ya haɗo tun la'asar. Ƙauna ta taho riƙe da hannun tsohon, tana sauri, sai ta ja ta tsaya. Barandar ta yi baƙi ƙirin tun daga bakin ƙofa har matakala. An kwarara mata baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga inji. Shagon gaba ma haka, na gabansa ma haka, har ƙarshen layin.

"Me ya faru?" in ji Baƙo. "Ina jin warin gareji."

Nonso yana tsaye yana jan ƙofar shago, galan a gefensa. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Oga, kai ka zuba?"

"Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce kowa ya zuba. Wanda bai zuba ba, su rufe masa shago."

"Na tambaye ka, kai ka zuba?"

"Ni na zuba, Ƙauna. Da hannuna. Ki je ki tambayi ƙawarki mai waya."

Ta san wadda yake nufi. Makon jiya wasu ɗalibai suka zo daga Samaru da riguna iri ɗaya. Shugabarsu, wata yarinya mai suna Precious, ta durƙusa kusa da Baƙo aka ɗauke su hoto, allon shagon Nonso a bayansu, sunansa da lambarsa ɓaro-ɓaro. Hoton ya zagaya wayoyi, mutane suka yi ta rubuta "Allah sarki". Shugabannin 'yan kasuwa suka ji kunya. Shekara biyu tsoho makaho yana kwana a siminti kunya ba ta kama kowa ba, sai da aka gan shi a waya. Da suka zauna taro ma ba wanda ya kawo maganar ɗaki. Maganar galan aka yi.

Suna nan tsaye sai ga Keke Napep ta tsaya. Precious ce ta fito, rungume da ƙaramin buhun shinkafa, wayarta a ɗaya hannun.

"Anti, sannu. Kin ga fostin ɗin nan ya yi nisa sosai. Ga abin da mutane suka haɗa wa Baba. Bari mu ɗan yi bidiyo na minti ɗaya."

"Shinkafa," in ji Ƙauna. "A kan me zan dafa ta? A kan wayarki?"

Sai a lokacin Precious ta dubi ƙasa.

"Wane mugu ne ya yi wannan?"

"Ga shi nan, ki gaishe shi. Ke kuma kika aiko shi."

"Ni? Anti, wayar da kan jama'a muke yi."

"To kansu ya waye. Ke ina kike kwana?"

"Hostel ɗin makaranta."

"Akwai rufi?"

"Akwai, amma ba a barin baƙi su..."

"Na sani. Ko'ina ba a bari. Coci an ce sai kwamiti ya zauna. Tasha an ce sai mai tikiti."

Baƙo ya matsa hannunta. "Ƙauna, bar yarinyar mutane. Da kyakkyawar niyya ta zo."

"Baba, yi shiru. Kyakkyawar niyya ce za ta jiƙa ka yau."

Iska ta taso tana kwasar ledoji. Ƙauna ta dubi sama, ta dubi tulin yashin da wasu magina suka bari a tsallaken titi. Ta karɓi buhun shinkafar ta ajiye, ta zaunar da tsohon a kai, ta ɗauko bokitinta da kwanon wanki, ta dangwara wa Precious kwanon a ƙirji.

"Sa wayar a jaka. Ki ɗebo yashi."

Precious ta dubi fararen takalmanta, sannan ta karɓa. Suka yi ta jigila, sawu bayan sawu. Ƙauna tana watsa yashin a kan man, ta murza da ƙafa, ta kankare da guntun langa-langa, ta sake watsawa. Man ya riga ya shiga siminti, yashi uku bai fitar da shi ba. Nonso ya gama kulle shago amma bai tafi ba. Can ya sake buɗewa, ya jawo manyan kwalaye biyu ya jefa a ƙasa.

"Ban gan ku ba," ya ce. "Amma gobe za su zo dubawa. Dole in ƙara zubawa."

"Ka zuba. Jibi ma ka zuba. Yashin bai ƙare ba."

Ɗigon farko ya sauka a kan kwanon rufi lokacin da suka gama lungu ɗaya, daidai tsawon mutum guda a kwance. Ƙauna ta shimfiɗa kwalayen, ta kwantar da Baƙo, ta rufa masa zane. Precious ta ruga ta tare Keke, takalmanta baƙi, ta ce za ta yi magana da mutane.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Babu sauran wurin da za a zauna ba a shafi mai ba, don haka Ƙauna ta kifa bokiti a bakin matakala ta zauna a kai, ta juya wa titi baya don ta tare wa tsohon feshi.

"Kin samu wuri?" in ji Baƙo.

"Na samu, Baba. Kwanta."