Basillar Malam Tuhami

Hannun mijina na cikin akwatin kayan aikin Malam Tuhami lokacin da na ɗaga labulen ɗakin, da kwanon miyar harira a hannuna. Ya waigo, muka haɗa ido. Yana riƙe da wani ƙarfe mai kan tagulla, irin wanda ake buga wa fata zanen fure da shi, rabinsa ya riga ya shige hannun jallabiyarsa.

Kwanon yana ƙona mini yatsu, amma na kasa ajiye shi.

"Ba wannan ba, Allal," in ji tsohon daga kan katifa.

Mun zaci barci yake yi. Ko juyowa bai yi ba, fuskarsa na kallon bango.

"Na san ƙarar kowane ƙarfe a akwatin nan. Wannan na ado ne. Sai mutum ya iya ɗinki kafin ya yi fure. In ɗauka za ka yi, ɗauki abin da zai amfane ka."

Allal ya saki ƙarfen, ya ratsa ta gefena ya fita, ko takalmansa bai tsaya sawa ba.

Gida ɗaya muke zaune da Malam Tuhami, tsohon gida a lungun da ke gangarawa majemar birnin Fas, kowane iyali da ɗakinsa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Baduku ne tun kafin a haife ni. Takalmansa da jakunkunansa sun je garuruwan da shi bai taɓa takawa ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa Gita tana aure a Kazablanka. Da ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, likita ya ce a mai da shi gida, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Ni na ɗauki nauyin abincinsa.

Shi kuwa Allal, rayuwarsa duk a bayan alfadari ya yi ta, yana ɗauko fatu daga majema zuwa rumfunan dukawa. Da sanyin bana alfadarin ya durƙusa a kan matakalar lungu, bai sake tashi ba. Tun daga nan Allal ya zama mai zama a bakin shagon shayi ba tare da ya ce a kawo ba. Ya taɓa ce mini, "Mbarka, tun ina yaro nake kallon ɗinkin nan. Idona ya iya. Kayan aiki kawai na rasa." Na ce ya roƙi Malam. Ya ce, "Da furfurata zan je in ce a koya mini riƙon allura? Kin san bakinsa. Kafin la'asar kasuwa duk ta ji."

Na durƙusa kusa da katifar, na tallafo kan tsohon, na fara ba shi miyar. Kaɗan ta ɗiga a kan bargo.

"Baba, don girman Allah ka yi mana haƙuri. Wallahi ba halinsa ba ne, zaman banza ne ya..."

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi. Ya sake buɗe baki.

Da na koma ɗakinmu na tarar da Allal zaune a ƙasa. Ban yi masa faɗa ba, don ban san ta inda zan fara ba. Shi ne ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro wata basilla mai ƙotar icen zaitun, ta yi baƙi da santsi saboda daɗewa a hannu.

"Wannan tun shekaranjiya," ya ce.

"Innalillahi! Allal, mutumin da ke kwance yana jiran ajali?"

"Zan mayar."

"Tashi ka mayar yanzu."

Bai tashi ba. Ya ce ba zai iya sake ɗaga labulen nan ba, ko za a yanka shi. Ni ma na ɗauki basillar na kai har tsakar gida, na ji tarin tsohon, na juyo da ita.

Washegari Gita ta iso da jakar tafiyarta. Ta yi kuka a jikin mahaifinta, ta share ɗakin, ta wanke bargo, sannan ta buɗe akwatin. Ba a jima ba sai ga ta a tsakar gida, mayafinta a kafaɗa.

"Ina basillar kakana? Mai ƙotar zaitun! Da ita na yi wasa ina ƙarama, ba zan manta ta ba. Ubana bai mutu ba tukuna an fara rabon gadonsa? A gidan nan? Wane marar tsoron Allah ne?"

Ƙofofi suka buɗe. Matan sama suka leƙo daga saman bene. Ina tsugune ina murza ƙullun burodi, na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Allal yana bakin famfo, ruwa na zuba a hannunsa, ya kasa rufewa. Na ga leɓensa na motsi. Ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa wajenta.

"Gita!" Muryar ta fito daga ɗaki, da tari a bayanta. "Rage murya, ba a tashar mota kike ba. Ni na ba Allal. Koyon aiki yake a wurina."

Sai Lalla Haniya, tsohuwar da ke ɗakin sama, ta tafa hannu.

"Mai alfadari ya zama baduku? To, Allah ya tsare mana ƙafafunmu!"

Aka kwashe da dariya. Gita ta kalli Allal, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri, Si Allal, ban sani ba."

Na gwammace ta mare shi da wannan haƙurin da ta ba shi.

"Allal," tsohon ya sake kira, "ka makara. Zo da basillarka."

Haka ya shiga, kansa a ƙasa, ni ina biye da shayi. Malam Tuhami ya sa aka jingina shi da bango, aka jawo akwatin gabansa. Ya riƙa nuni da haɓa, don hannunsa ba ya ɗaguwa sosai.

"Basilla kana da ita. Ɗauko wuƙar can mai baki kamar jinjirin wata. A'a, ba ta bakin ba, kai, za ka bar mini yatsa a ɗaki. Allura biyu, masu dakusasshen tsini, basilla ce ke huda, su bi kawai suke yi. Zare. Ga kakin zuma can, shafa masa, in ba haka ba ya tsinke maka a tsakiyar aiki. Gudumar katako. Dutsen wasa wuƙa. Shi ke nan."

"Sauran fa, Malam?"

"Sauran na burge baƙi ne. Da waɗannan na fara, da su na aurar da 'yata. Zauna sosai, ba kan alfadari kake ba."

Ya ba shi guntun fatar akuya, ya ce ya ɗinka bakinta. Yatsun Allal kauri gare su, igiya suka saba ja. Ya huda a karkace, ya soki kansa, ya tsotse jinin, ya ci gaba. Da Gita ta fita siyo magani, ya ajiye aikin.

"Malam, maganar basillar nan, ina so in faɗa maka..."

"Ja zaren."

"Wallahi ni ne na..."

"Na ce ja zaren. Hannu biyu tare. Ka bar gefe ɗaya sako-sako kamar bakin Haniya."

Kwanakin da suka biyo baya haka suka tafi. Da safe in kai ƙullun burodi wurin masu gasawa in dawo in tarar da su, ɗaya yana ɗinki, ɗaya yana zagi. Duk lokacin da Allal ya buɗe baki zai nemi gafara, sai tsohon ya gano wani aibu a ɗinkin. Allal ya daina cin abinci sosai. Ya ce mini, "Da ya tona ni a gaban jama'a, da na fi samun sauƙi." Na ce, "Ni ma."

Murya ta fara gaza wa Malam Tuhami. Ya koma gyara da yatsa, yana ƙwanƙwasa katifa in huda ta kauce. Ranar Laraba da hantsi, rana ta shigo tsakar gida, Gita tana shanya, ni ina tsince wake a bakin ƙofa. Allal ya kai ƙarshen wata 'yar jaka, ya ɗaure zaren, ya yanke, ya miƙa.

"Duba, Malam. Wannan karon ina jin ta miƙe."

Bai karɓa ba. Idonsa a buɗe yake, yana kan hannun Allal, amma yatsan da ke kan katifa ya tsaya. Allal ya daɗe da jakar a miƙe kafin ya kira ni.

Bayan azahar aka kai shi. Dukawan kasuwa suka cika lungu, suna karɓar makara hannu zuwa hannu. Wasu suka riƙa jan Allal gaba, suna cewa, "Zo ka kama, kai ne na ƙarshe da ya koya wa." Ya kama na ɗan lokaci, ya zame ya koma baya.

Da aka gama karɓar gaisuwa, Gita ta ba wani dillali ragowar kayan akwatin, ta kulle ɗakin. Na raka ta bakin lungu da jakarta. Ta rungume ni, ta yi godiyar miya da wanki. Har ta juya, sai ta dawo.

"Lalla Mbarka, ubana bai taɓa iya ƙarya ba. In zai yi ta, sai ya ɗaga murya." Ta gyara mayafinta. "Ki ce wa Si Allal ya riƙa shafa wa ƙotar man zaitun. Tana tsagewa da zafi."

Ta miƙa wa wani mai ɗaukar kaya jakar, ta bi bayansa, ta sha kwana. Na tsaya a wurin har wani mai tura baro ya ce in ba shi hanya.

Da na shigo gida, matan sama duk sun shige. Allal yana zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofar da aka kulle, fata a kan gwiwarsa. Bai ɗago ba. Na zauna a kan matakala. Inuwa ta riga ta rufe rabin tsakar gidan, ba a jin komai sai zaren yana bi ta cikin fata.