Ƙahon Hagu

Keke Napep ɗin ya wuce Kasuwar Litinin ke nan Ba'ana ya kasa haƙuri, ya shiga kwance ƙullin da ke kan cinyarsa don ya ƙara leƙa aikinsa. Tun safe bakinsa ya ƙi rufuwa. Shekara goma sha biyu rabon da wani ya nemi ƙahon albarushi a wurinsa. Tun da maharba suka koma ɗura albarushi a gorar roba, shi ma ya koma gyaran takalma a unguwar Wulari. Sai bana damina ta tona asirin roba: albarushi ya riƙa yin sanyi, bindigogin maharban da ke raka manoma gona suna ƙin tashi. Shugabansu Madu ya kira shi a waya, ya ce ya kawo ƙaho ɗaya a gwada. In ya ci, duk ƙungiya ta koma ƙaho. In bai ci ba, kowa ya kama gabansa.

Yana buɗe tsumman murna ta koma ciki.

"Innalillahi! Kellu ta kashe ni!"

Ƙaho biyu ya gyara, na bijimi ɗaya. Na dama ya kankare da fasasshiyar kwalba har yana sheƙi, ya toshe gindinsa da itace, ya liƙe da kakin zuma, ya yi masa zane. Na hagu kuwa da shi ya warware hannu, ko ado babu. Kuma kowane ƙaho da ɓangarensa: na dama ne ke kwanciya a ƙugun dama, bakinsa kusa da hannu. In ka rataya na hagu a nan, bakinsa waje zai kalla, kowace ƙaya ta kama shi. Matarsa Kellu ce ta ƙulla masa kafin ta fita tuyar ƙosai, ashe na hagun ta ƙullo. Shekara ashirin da aure, a ce mace ba ta san dama da hagu ba!

"Baba, mu juya ne?" in ji direba.

"Juya ina? Ƙarfe goma za su tashi. Taka, ɗana, taka!"

A unguwar Gamboru ya tarar da maharba wajen ashirin a gindin darbejiya, ga bokitin ruwa a tsakiya. Madu, dogon dattijo, ya miƙo masa hannu.

"Wushe, sannu da zuwa, Ba'ana. Mu ga kayan."

Aka ɗura albarushi, aka toshe, aka danna ƙahon cikin ruwa. Madu bai ce a ciro ba sai da ya shanye shayinsa. Da aka zazzaga a tafin hannu, garin ya zubo a bushe ƙamas. Wuri ya ɗauki sowa.

"Saura rataya," in ji Madu.

Ba'ana ya yi saurin cewa, "Ya Madu, a yi mini afuwa, akwai wani ɗan..."

Bai ƙarasa ba dattijon ya zura igiyar ƙahon a kafaɗar dama, ƙahon ya sauka a ƙugunsa na hagu, ya kwanta luf kamar da shi aka haife shi. Da hagu ya auna, da hagu ya ɗura, ya ɗaga bindiga sama. Daram! Tsuntsaye suka watse, maharba suka hau tsalle suna kirari cikin hayaƙi.

Madu ya riƙo kafaɗarsa yana dariya. "Wa ya gaya maka ni bahago ne? Da dama nake ci, da dama nake gaisawa, tun ina yaro aka hore ni. Wallahi kai gwani ne! Kowa nan sai ka yi masa nasa."

Daɗi ya kama Ba'ana har idonsa ya kawo ruwa. Yana shirin cewa sirrin sana'a ne, waya ta yi ƙara. Kellu ce.

"Malam, ya zauna masa?"

Ya juya baya, ya rage murya. "Ke, yaya aka yi kika sani?"

"Rannan da suka tsaya sayen ƙosai, akuya ta sa baki a kwanona, Madu ya jefe ta da dutse. Na ga hannun. Da na faɗa maka, cewa za ka yi me mace ta sani a ƙaho."

Kuma gaskiyarta, haka ɗin Ba'ana zai ce.

"Ba ka ba ni amsa ba," in ji Madu.

Ba'ana ya dubi maharban da suka zuba masa ido, ya sosa ƙeya, ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Ya Madu, ga gwanar nan. Yi mata godiya da kanka."