Inuwar Taɓaryar Ƙaltume

Ran da aka kira Malam Abdulrauf daga Yawunde, yana tsugune a tsakar gida yana fama da tukunyar shinkafa da ta kama. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa, har yanzu bai gane yawan ruwan da shinkafa ke sha ba, shi da ya shekara talatin yana koyar da fizik a lise, wato makarantar sakandare.

Mai maganar ta ce sunanta Madam Clarisse, daga kwamitin lambar yabo ta ƙasa kan binciken kimiyya. Ta ce aikinsa ne ya zo na ɗaya a fannin fizik, kuma bana a nan Garuwa za a yi bikin, nan da sati uku. Ta dakata tana jiran ta ji murna. Ya ce ya gode, ya ajiye wayar, ya ci gaba da kankare tukunya.

Aikin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Garuwa. Ɗaki uku ne a gidansa: na ƙasa mai jinka, na ƙasa mai kwano, da na bulo mai kwano wanda ya gina don a san shi ma'aikaci ne, kuma babu mai iya zama cikinsa da rana. Ya rataya ma'aunin zafi ciki da wajen kowane bango, yana son sanin awa nawa zafin rana ke yi kafin ya ratsa bango ya iske mutum. Sai dai lokacin da ya kamata a duba, shi yana aji. Don haka ya miƙa wa matarsa agogo da littafi da biro, ya ce ƙarfe sha biyu, ƙarfe uku, ƙarfe shida.

Ita ba ta yi boko ba. 'Yar malami ce daga Mindif, a gaban ubanta ta tashi yana awon inuwa don sanin lokacin salla. Agogon sai ta sa a kwalla ta rufe, kada ya lalace. Ta kafa tsohuwar taɓarya a tsakar gida. In inuwarta ta gama tsukewa ta fara karkata, ta je ta duba bangayen. In ta miƙe ta kai awon la'asar, ta sake dubawa. Haka da faɗuwar rana. Duk ta rubuta da ajami.

Da ya gane abin da take yi, ya yi faɗa har maƙwabta suka ji.

"Kimiyya ba alwala ba ce!"

Ta ce, "To Malam, zafin nan agogo ke kawo shi ko rana?"

Ya juya ya shige ɗaki. Shekara biyu ya yi yana lissafi kafin ya gane ita ce da gaskiya: agogo da rana ba kullum suke tafiya tare ba, bango kuma rana yake bi. Bai gaya mata ba. Ya dai daina faɗa, ita kuma ta ci gaba har shekara goma sha huɗu, littafi ashirin da uku. Wannan dabarar ce kwamiti ya fi yabawa a wasiƙarsu. Suka kira ta basirar mai bincike. A shafin godiya na aikin ya ambaci wani farfesa na Maruwa da bai taɓa karanta ko layi ɗaya ba, da mai shagon da ya buga masa takardu. A can ƙarshe ya ce, "da iyalina."

Auren fari ne, uwarsa kuma Bafullatana ce wadda ta shayar da shi kunya tare da nono. Shekara ashirin da tara bai taɓa kama sunan matarsa ba. In ya shigo ya ce, "Ina mutanen gidan?" In yana nemanta ya yi gyaran murya. Ko a asibiti, da likita ya tambayi sunan marar lafiya, katinta ya miƙa.

Hibatullahi, autarsa, ta zo daga Maruwa inda take karatun jami'a. Ta karanta wasiƙar a tsaye, jaka a kafaɗa.

"Baba, ina sunan Inna?"

"Ba ya ciki."

"Ai na gani. Wa ya cire?"

"Ba a cire ba. Ba a sa ba."

Ta ce, "Mai aiki daban, mai suna daban. Ashe ba a ofis kaɗai ake yi ba."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ya jira ya ji ransa ya ɓaci, bai ji komai ba. Tun ranar jana'iza haka yake, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai. Ya ɗauki waya ya kira Madam Clarisse.

Ta saurare shi da ladabi. Ta ce takardar yabo sunan da ke kan aikin take ɗauka, kuma ƙa'ida ta ce sai mai rai, mai digiri. Ta tambaya ko matar tasa tana da wani diplom, wato takardar shaidar karatu. Ya ce ta sauke Alƙur'ani tana da shekara sha uku. Clarisse ta ce babu gurbin wannan a fom ɗin, ta kuma yi masa ta'aziyya.

"Amma Mesiye, kuna da minti biyu na jawabi. Abin da kuka faɗa a ciki zai shiga rahoton biki. Minti biyu fa, manya ba sa son zafi."

Ya zama ke nan hanya ɗaya ta rage, kuma ta bakinsa ta bi. Ya rubuta jawabin da Faransanci, ya sa sunan a layi na shida. Hannu bai yi gardama ba. Amma duk lokacin da ya gwada karantawa a ɗakin jinka, in ya iso wurin sai harshe ya tsallake kamar jaki ya ga rami.

Alhaji Tahir, yayan marigayiya, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ya ji labari daga bakin Hibatullahi. Ya zo har gida, ya ƙi zama a kujera, ya zauna a tabarma.

"Malam, na ji za ka kira sunan ƙanwata a lasifika."

"Haka na yi niyya."

"Gaban arna da Musulmi, da 'yan jarida? Tana raye ka rufa mata asiri, sai da ta kwanta dama za ka yi tallarta? In kana son ta da alheri, ga sadaka, ga addu'a. Ita takarda za ta amfane ta a kabari?"

"Ba za ta amfane ta ba."

"To don wa?"

Abdulrauf ya dubi taɓaryar da ke tsaye har yanzu, gara ta fara cin gindinta. Ya ce bai sani ba. Alhaji Tahir ya ce boko dai ba ya sakin mutum ko da furfura, ya sa takalmansa, ya ce duk da haka zai zo, kada a ce dangi sun ƙi.

An ce ƙarfe goma, manya suka iso sha biyu da rabi. Zauren na bulo ne da rufin kwano, fankoki na juya iska mai zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mutum ɗari uku suna fifita da takardar tsarin biki. Wani babban jami'i ya yi minti arba'in yana bayanin yadda kimiyya za ta sauƙaƙa wa talaka rayuwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan jawabin. Abdulrauf ya dubi rufin, ya ƙiyasta cewa da la'asar wurin zai fi haka muni.

Aka kira shi. Aka rataya masa lamba, aka ba shi takarda cikin gilashi, aka ɗauki hoto. Clarisse ta ɗaga masa yatsa biyu daga gefe.

Ya karanta layi biyar ba tangarɗa. Ya ce awon da ake yabawa ba nasa ba ne, shi agogo ya bayar, aka fi shi sani. Ya ce littattafan ashirin da uku hannun mutum ɗaya ne. Sai ya iso layi na shida. Ya ga Hibatullahi a jeri na uku ta daina fifita. Ya ga Alhaji Tahir ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Lasifika ta yi ta ɗaukar numfashinsa. Wani a baya ya zaci ya gama, ya fara tafi, ya bari.

"Ƙaltume," in ji shi.

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, ko jerin gaba ba su ji ba. Mai rubuta rahoto ya ɗago kai ya ce a maimaita. Ya maimaita da ƙarfi, har da sunan ubanta, ya kuma jira har mutumin ya gama rubutawa. Aka yi tafi irin na mutanen da ke jiran lemo. Alhaji Tahir ya tashi ya fita ba tare da ya waiwaya ba.

Shi ke nan. Rufi bai faɗo ba. Gaɓa uku ne kawai, ko daƙiƙa biyu ba su cika ba. Yana saukowa yana lissafin sau nawa mutum zai iya faɗarsu a shekara ashirin da tara, lokacin da akwai mai amsawa daga madafa.

Suka hau moto biyu, baburan haya, suka koma gida, shi rungume da gilashin. Ya jingine shi a ɗakin bulo, inda ba mai shiga. Inuwar taɓarya ta kusa kai awon la'asar. Ya tsaya ya jira ta, sannan ya ɗauko littafi na ashirin da uku, ya buɗe inda rubutun ya tsaya, ya nufi bangon ɗakin jinka.

Hibatullahi ta biyo shi.

"Baba, ka faɗa."

"Na faɗa."

"Yaya ka ji?"

Ya gyara tabarau, ya matsa kusa da ma'aunin.

"Arba'in da ɗaya a waje," ya ce. "Shiga ki duba mini na ciki."