Hutun da Ba a Faɗi Mintinsa Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan ina rubuta bayanan zama a majalisar dokokin jiharmu, a ɗan teburin nan da ke ƙarƙashin kujerar Shugaba. Na ga rashin kunya iri-iri, amma abin da aka yi wa wata tsohuwa, Doña Eduviges, har yau ya ƙi wuce mini a maƙogwaro.

'Yarta Yolotzin ta fita aiki wata safiya, shekara huɗu da suka wuce, ba ta dawo ba. Ba gawa, ba labari. Ta bar yarinya 'yar shekara shida mai ciwon zuciya, wadda likitoci suka ce sai an yi mata aiki. Asibiti ya ce sai uwa ta sa hannu, kaka ba ta da iko. Alƙali kuma ya ce hanya ɗaya ce: ta cike takarda cewa 'yarta ta mutu, a ba ta riƙon jikar. To da zarar an rubuta mutum ya mutu, an rufe fayil ɗinsa ke nan, babu mai sake nemansa.

"Ni in kashe 'yata da biro?" ta ce mini. "Allah ya kiyaye, Remedios."

Shi ya sa ta ɗora ranta duka a kan ƙudirin Itzel Ocaranza, wata malamar makaranta da watanta shida kacal a majalisa. Ƙudirin zai sa alƙali ya ba iyali takardar cewa mutum ya ɓace, su riƙe 'ya'yansa, a kuma ci gaba da nemansa.

Ranar Talata aka kawo shi, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Benen 'yan kallo ya cika da iyaye mata, kowacce da hoton nata da ya ɓace rataye a ƙirji. Ƙuri'a goma sha bakwai ake buƙata. Itzel ta ƙirga nata, goma sha shida. Na sha bakwai ɗin, Don Melquíades, sarkin ci, ya zame ya tafi cin taco, wainar masara da nama, a tsallaken titi.

Sai ta miƙe. "Mai girma Shugaba, ina roƙon a tafi ɗan hutu."

A gidan nan ko mai shara ya san ɗage zama daban, hutu daban. In an ɗage, an rufe zaman ranar, abin da ya rage ya koma layi, a sa masa rana. In hutu ne, zaman yana nan da ransa, kuma wanda ya roƙe shi ne zai faɗi minti nawa. In bai faɗa ba, sai ranar da Shugaba ya ga damar sake kaɗa ƙararrawa.

Na yi tari. Na ɗaga mata yatsuna goma. Baiwar Allah ta zaci jinjina nake mata, ta yi mini murmushi.

Shugaba kuwa, Don Crisóforo, tsohon hannu ne, kuma ya san manya ba sa son dokar da za ta sa a ƙirga waɗanda suka ɓace. Kafin ta zauna ya kaɗa ƙararrawa. "An tafi hutu," ya ce, ya tattara takardunsa ya bi ta ƙofar baya.

Itzel ta fita da gudu, ba a yi minti goma ba ta dawo tana jan Don Melquíades da hannun riga, shi kuma yana goge miya a gemu.

"Doña Remedios, ina Shugaba?"

"Ya tafi hutu, 'yar nan. Ba ke kika roƙa masa ba?"

"To ai ɗan hutu na ce!"

"Minti nawa kika ce?"

Sai ta dafe kai ta zauna a kan matakala, a gaban kowa, ta fashe da kuka. Na so in mare ta, na kuma so in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba.

Kada ku ce majalisa ta daina aiki. Ina! Washegari aka buɗe sabon zama da sabon jerin batutuwa. Aka sa wa titi suna, aka karrama 'yan ƙwallo. Da Itzel ta nemi sake shigar da ƙudirin, aka ce ba a kawo abu sau biyu, ai a takarda har yanzu ana kan muhawararsa. Ni kuma shafin waccan Talatar yana nan buɗe a littafina, ba ni da ikon ja masa layi.

Duk Talata Doña Eduviges sai ta zo ta hau bene ta zauna. Wata rana ta tare Don Crisóforo a bakin motarsa.

"Ranka ya daɗe, yaushe za ku dawo?"

"Mama, ki kwantar da hankalinki," ya ce, har da dafa mata kafaɗa. "Zaman bai ƙare ba ai. Hutawa muke."

Hutawa! Gajiyar me suka yi, don Allah?

A wata na huɗu, Doña Eduviges ta zo ranar Alhamis, ba ta hau bene ba. Ta ja kujera ta zauna gefen teburina, ta ce leɓen yarinyar ya fara yin shuɗi, ko tsakar gida ba ta iya tsallakawa sai ta tsaya ta huta. Likita ya ba su mako biyu. Ta ciro takardar alƙali daga cikin gyalenta, ta shimfiɗa ta a kan littafina.

"Ke ce mai kyan rubutu, Remedios. Cike mini."

Na rubuta sunan Yolotzin, da shekarunta, da unguwarsu. Da na zo layin ƙarshe na tsaya.

"Suna son ranar da ta rasu," na ce.

Ta cire hoton 'yarta daga wuyanta ta kife shi a cinya.

"Sa ta yau."

Na sa.