A Bayan Keken Yaya Mamadu

Tun daga ƙauyen Yzeron, a duwatsun kusa da Lyon, Latifa ke kallon bayan rigar Yaya Mamadu, har ta haddace inda zufa ta jiƙa masa tsakanin kafaɗu. Keken da ya aro sai kuka yake, shi kuma sai haki. Ita ko tana biye a kan nata keken, hannunta na kan birki, a hawan dutse. Duk wanda ya san keke ya san wannan cin mutunci ne.

A aljihun bayan rigarta akwai katin gangamin masu keke na ranar, mai gida uku. Biyu an buga musu tambari. Na ukun sai a Riverie, tsohon ƙauyen nan da ke ɗare a kan dutse, kuma ƙarfe huɗu daidai masu buga tambarin za su naɗe tebur. Nour, matar da ke da shagon gyaran kekuna a Vénissieux, gefen Lyon, ita ke kai baƙi yawon ƙauyukan duwatsu da bazara, tana neman wadda za ta riƙa jan ayari a gaba. Magana ɗaya ta yi wa Latifa: ki kawo mini katin nan cike, aikin naki ne. Shekara biyu ke nan Latifa na ɗaga kwalaye a depo, rumbun ajiye kayan kamfani, bayanta har ya fara yi mata magana da asuba. Kowace Lahadi takan hau duwatsun nan ita kaɗai, ta san kowace kwana.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa Inna a salula.

"Daji? Ke kaɗai?" in ji Inna daga Damagaram.

Washegari Yaya Mamadu ya kira daga ɗakinsa na unguwar Goutte d'Or, can babban birni, ya ce ya riga ya kama tikitin jirgin ƙasa, zai yi mata rakiya. Mutumin da ke zaune a buro, wato ofis, a Bobigny tun safe har yamma, rabonsa da keke tun yana ɗan makarantar lise.

Da safen tafiyar ta gwada, idonta a ƙasa. "Yaya, hawa ne fa sosai."

"Ni da nake zuwa Mirriya in dawo a keke kina goye a bayan Inna? Ke dai biyo ni."

Hanyar Mirriya shimfiɗe take kamar tabarma. Ba ta faɗa ba. A gidansu ƙarami ba ya sa hannu a kwano kafin babba, ba ya shiga gabansa a hanya, ba ya gyara masa zance. Haka ta taso, haka ta biyo shi, tana haɗiye maganarta.

Wajen biyu da kwata suka shigo wani ɗan ƙauye, gida bai fi takwas ba, duk na dutse, tagogi a rufe. Wani tsoho na tsaye a bakin shingensa da sanda. Latifa ta ce bonjour ta yi niyyar wucewa, yadda kowa ke yi. Sai ta ji kukan birkin Yaya.

Ya sauka. Ya cire hular kwano. Ya miƙa hannu biyu.

Da Faransanci yake gaisuwar, amma gaisuwar ta Damagaram ce. Ina lafiya, ina iyali, ina gajiya, yaya shanu, yaya ruwan bana, yaya ƙafar da na ga kana ɗingisawa. Tsohon ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Da gani an yi shekara ba wanda ya tambaye shi gwiwarsa. Sai kawai ya zare sakatar shinge.

"Yaya," Latifa ta ce a hankali, "lokaci."

"Dattijo na magana."

Dattijo kuwa ya yi magana. Ya kai su tandun burodin ƙauyen da aka daina hurawa tun yana saurayi. Ya nuna musu inda mata ke wanki a da, ruwan na nan yana gudu ba mai taɓa shi. Ya sa Mamadu ya shafa shekarar da aka sassaƙa a kan ƙofar coci. Matarsa ta rasu, ɗansa na Kanada, maƙwabcin ƙarshe ya sayar wa mutanen birni da ba sa zuwa sai hutu. Mamadu na ta gyaɗa kai yana "Allah sarki", kamar tsohon na jin Hausa.

Latifa na tsaye a rana riƙe da kekuna biyu. Tana jin tausayin tsohon, kuma tausayin ma haushi yake ƙara mata, don ya hana ta wanda za ta tsana. Masu keke na ta wucewa a hanya, kowa da katinsa a aljihu. Ta ƙirga goma sha ɗaya.

Da za su tafi, tsohon ya shiga rumfa ya fito da akwatin katako shaƙe da seriz, ƙananan ƴaƴan itacen nan, jajaye har sun yi baƙi. Mamadu ya karɓa da godiya mai tsawo. Sannan, ko kallonta bai yi ba, ya ɗora akwatin a bayan kekenta ya ɗaure da roba. Kaya na ƙarami ne. Ko tunani bai yi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Uku da minti biyar. Saura kilomita goma sha huɗu.

Suka gangara kwari, suka haye wata ƴar gada, hanya ta sake miƙewa sama tsakanin itatuwa. Yaya ya fara tangaɗi, keken na zuwa dama na zuwa hagu. Wata mata mai furfura ta zo ta wuce su a natse, ta ce musu "Allez, courage," wato su daure. Latifa ta bi ta da ido har ta sha kwana. Da ita kaɗai ce, matar nan ko ƙurarta ba za ta gani ba.

Uku da ashirin, ya sa ƙafa ƙasa.

"Sauko mu taka," ya ce, yana numfashi da baki. "Ba kora aka yi mana ba."

Ba ta sauko ba. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a feda.

"Ƙarfe huɗu suke rufewa, Yaya."

"To sai me? In ba a samu bana ba, a samu baɗi." Ya goge fuska da gefen riga. "Ni fa tun farko don Inna na zo. Wai jan Nasaru a keke cikin daji, wannan aiki ne? Ki bari in nema miki wuri a Bobigny, ki zauna kan kujera kamar mutane."

Wani abu ya tsinke mata a ƙirji, ba ƙara. Ta sauka. Ya ɗauka ta ji magana, har ya juya zai fara tura nasa. Ta kwance robar, ta sauke akwatin, ta ajiye shi a kan kwalta daidai gaban tayarsa.

"Kai aka ba."

"Me kika ce?"

"Kai ka yi gaisuwa, kai aka ba. Ɗauki abinka." Ba ta sauke ido ba, karon farko a rayuwarta. "Hanya ɗaya ce, ba ta rabuwa. Ka bi ta har sama."

"Latifa. Idan kika wuce ni a nan..."

Ta wuce shi.

Kilomita tara, minti talatin da takwas. Ta miƙe tsaye a kan feda, keken da aka sauke wa kaya ya yi tsalle kamar akuyar da aka kwance. Haushin ne ke tuƙi. Kowane taku da maganar da ta haɗiye. Wannan na ranar da ya buɗe takardar sakamakonta kafin ita. Wannan na ranar da ya gaya wa Inna depo ya dace da ita tunda ba ta da baki. Wannan na kafaɗun da ta yi wuni tana kallo. Cinyoyinta suka kama wuta, ta ƙi sauya giya. Gonaki suka wuce, shanu farare, wani kare ya biyo ta ya gaji. A kwana ta biyar ta cim ma matar nan mai furfura, ta wuce ta ba ko sannu.

Sai ga Riverie a sama, gidajen dutse manne da juna, hanya ta ƙuntata ta koma lungu. Tayoyi na karkarwa a kan tsofaffin duwatsun daɓe. A ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya ta hango teburin, wata mata mai tabarau na mayar da takardu cikin jaka.

Latifa ba ta iya magana ba. Katin kawai ta miƙa, ya jiƙe da zufa.

Matar ta dubi agogo, ta dube ta. "Saura minti huɗu, ma petite. Wa ya biyo ki?"

"Ba kowa."

Tambarin ya sauka. Latifa ta zauna a gefen rijiyar dutse, ta ɗauki hoton katin ta tura wa Nour. Amsa ta zo nan take: Litinin, ƙarfe takwas. Ta jira daɗi ya zo. Bai zo ba tukuna, haushin bai ba shi wuri ba. Salula ta sake motsi, saƙon murya daga Inna, minti uku da rabi. Ta kife ta a cinya.

Biyar ta wuce kafin ya bayyana a bakin lungun. Hannu ɗaya na tura keke, ɗayan na dafe da akwatin seriz a ka, yadda ake ɗauko kaya daga kasuwar Dole ta Damagaram. Ruwan seriz ya zubo masa a wuyan riga. Wasu baƙi biyu da ke shan kofi suka juyo suna kallo.

Ta tashi, ta miƙa masa gorar ruwa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ya so ya ƙi. Ƙishi bai bar shi ba.

"Na gaya wa Inna," ya ce bayan ya shanye.

"Na gani."

"Kin wuce ni a hanya kamar ba ciki ɗaya muka fito ba. A gaban Nasaru."

"Ba kowa a wurin sai shanu."

"Kar ki mayar mini da magana."

Ta karɓi gorar ta rufe. "Tsohon can ka tambaye shi gwiwarsa, da shanunsa, da ruwan bana. Ni shekara biyu ina ɗaukar kwali. Ka taɓa cewa Latifa, yaya bayanki?"

Ya sauke akwatin daga kansa, ya tsaya riƙe da shi, yana duban bayan kekenta. Ta ga inda idonsa ya je. Ta ciro robar daga aljihu ta miƙa masa, ta nuna masa nasa keken da haɓa.

Ya daɗe yana ɗauri, ƙullin ma bai iya ba. Ba ta taya shi ba. Da ya gama ya dubi hanyoyi uku da suka fita daga dandalin, kowace ta gangara nata kwarin.

"Wacce ce ta Lyon?" ya tambaya, ba tare da ya kalle ta ba.

Latifa ta ɗaure hular kwano, ta hau.

"Gangara ce mai tsanani. Kar ka matse birkin gaba shi kaɗai, zai kifar da kai. Ka bar tazara tsakaninmu."

Ta shiga ta hagun. Sai da ta sha kwanar farko ta ji kukan kekensa a bayanta.