Ƙafar Hagun Baba

Shekara ashirin da bakwai babana, Malam Oumarou, yana jan motar Hajiya Asiyatu mai sayar da ƙwai, kuma ba a taɓa jin ya fasa filato ko ɗaya ba. Filato shi ne faifan kwalin nan da ake jera ƙwai talatin a kai. Daga gona yake ɗaukowa, can bayan Zongo, ya kai kasuwar Hanoukopé a nan Lome, yana lallaɓa ramukan titi kamar mai ɗauke da jinjiri. Rabin direbobin unguwarmu a hannunsa suka koyi mota, shi ya sa har masu furfura a cikinsu Metir suke ce masa, wato malam da Faransanci. Ni kaɗai ya ƙi koya wa.

Ba faɗa yake yi mini ba. Duk sanda na roƙe shi sai ya ce, "Hanane, ki riƙe alƙalaminki, mota ba wasa ba ce." Na haƙura har na sami aiki a wani ofis a Nyékonakpoè, na shiga makarantar koyon tuƙi, na karɓi lasisina. Ranar da na nuna masa, ya juya shi gaba da baya, ya ce hoton ya yi kyau, ya miƙo mini. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu ina jan motar ofis, Baba bai taɓa zama a motar da nake tuƙi ba. Gara ya tare zem, wato acaɓa, ya hau bayan babur, babbar rigarsa tana kaɗawa.

Sai tsohuwar akori-kurar Hajiya ta ce ta gaji. Makanikai suka yi iya yinsu, ta ƙi tashi. Hajiya ta sayo sabuwa fil, fara tas, kujerunta ko ledar ba a cire ba, kuma otomatik ce, mai canza giya da kanta.

Ranar Litinin aka fito da ita ƙofar gidan Hajiya, mutane suka taru ana sa albarka. Aka ɗora filato shida a baya don gwaji, Hajiya ta shiga gaba ta gyara mayafi. Baba ya yi bisimilla ya zauna, ya leƙa ƙasa, ya ga abin takawa biyu maimakon uku. Ya gyara zama ya kama sitiyari. Metir ba ya tambaya a gaban jama'a.

Motar ta tashi lafiya lau. Da ta ɗan ɗauki gudu, kunnen Baba ya ji injin yana neman giya ta biyu, ƙafarsa ta hagu ta tashi neman kuloci kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni. Babu kuloci a wurin. Birki ne, mai faɗi, kuma ta danna shi har ƙasa. Motar ta ƙame, ɗankwalin Hajiya ya yi gaba ya bar ta, ƙwai suka yi ta tsiyaya ta bayan mota, kajin unguwa suna bi suna tsattsaga.

Washegari ya sake gwadawa, aka sake yin wainar ƙwai a titi. Nan Hajiya ta kira shi gefe, amma a Zongo gefe ma kunnuwa gare shi.

"Malam Oumarou, ka san girman da kake da shi a wurina," in ji ta. "Amma ranar Asabar akwai babban lodi. In motar ta ƙi ka, sai in ba Kimba makulli, kai ka zauna a shago kana duba mini kaya. Ai ka ma huta."

Kimba yaron motarsa ne a da, shi ya koya masa riƙe sitiyari. Baba ya dawo gida ya zauna a tabarma, aka kawo tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba. Inna ta yi ta hararata tana nuna shi da baki. Na yi kamar ban gani ba. Ina tausayinsa ƙwarai, amma ni ma ina da zuciya, kuma shekara biyu na yi ina jira.

Laraba bayan sallar asuba na ji ana gyaran murya a ƙofar ɗakina. Sau uku aka yi kafin aka yi magana.

"Hanane. Wannan motar ta ofis ɗinku, ita ma biyu gare ta a ƙasa?"

"Biyu ne, Baba."

"To ita ƙafar hagun, ina kuke kai ta?"

"Ba ma kai ta ko'ina. Zama take yi."

Sai ya ce in ba ni da wani aiki da safen nan, yana so in raka shi ya duba wani abu. Na kira ofis na nemi hutun kwana uku.

Filin Idi muka tafi da sabuwar motar Hajiya, shi yana ja, inda babu kowa sai awaki. Na san dabararsa tun ina yarinya: kofin ruwa yake ɗora wa ɗalibi a gaban mota, in ya zube a sake daga farko. Na ciro kofi daga jakata na cika shi da ruwan gora na ɗora. Ya dubi kofin, ya dube ni.

"Ni za ki sa wa kofi?"

"Metir ne ya ce haka ake koyo."

Kafin hantsi rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ba wai bai gane ba ne. Ya gane sarai: D tafiya, R baya, P tsayawa, ya haddace cikin minti ɗaya. In yana sane, ƙafar tana zaune lafiya. Amma da akuya ta gilma, ko injin ya canza murya, sai ta zabura ta yi abin da ta saba. Na sa ya cire takalmin hagu, ta taka birki ba takalmi. Na ce ya riƙa faɗin "dama, dama" a bakinsa, yana cikin faɗin dama hagu ta taka. Na ɗora masa jakata a gwiwa, jakar ta faɗi ƙasa tare da ruwan kofin.

"Dusuma, Baba, a hankali," na ce.

"Ni kike ce wa dusuma? Ƙafar za ki faɗa wa, ba ta jin maganata."

Alhamis ma haka ta wuce. Ranar Juma'a da la'asar ya kashe mota ya ce ya isa, gobe zai kai wa Hajiya makullinta da hannunsa, kada a aiko karɓa. Ya faɗa ne a sanyaye, ba ya kallona. Raina ya ɓaci, don ban taɓa ganin Baba ya saduda ba, kuma sai a lokacin na gane ba na son ganin hakan ko kaɗan.

Ya yi alwala da sauran ruwan gorar, ya shimfiɗa darduma a inuwar motar. Ina zaune ina kallonsa har ya kai zaman tahiya, ya naɗe ƙafar hagu ƙarƙashin ta dama ya zauna daram. Wata akuya ta zo ta wuce dab da shi da gudu. Ƙafar ko motsi ba ta yi ba.

Yana sallamewa na ce, "Baba, shiga ka zauna haka."

"Haka yaya?"

"Zaman tahiya. Ka naɗe ta a ƙarƙashinka."

"A'uzubillahi. Zaman salla a kujerar mota?"

"Ba salla za ka yi ba, zama ne kawai. Shekara nawa kana naɗe ta sau biyar a rana, ta taɓa yi maka gardama?"

Ya yi ta gunaguni, amma ya shiga. Ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar, ya rufe ta da babbar riga don kada wani ya leƙo. Muka zaga filin sau goma. Kofin yana nan cike.

Asabar da sassafe aka loda filato har suka kusa kai rufin mota, aka ɗaure. Na shiga gaba kusa da shi. Daga Zongo zuwa Hanoukopé tafiya ce mai tsawo, kuma masu zem na Lome ba su san akwai ƙwai a duniya ba. Wajen wata danja wani ya yanko gabanmu da mata a baya da kwando a kanta. Na ji gwiwar Baba ta bugi ƙofa, ƙafar tana neman fita, amma nauyinsa yana kanta. Ta dama ta sauka kan birki a hankali, motar ta tsaya kamar an ajiye ta da hannu. Ya ce alhamdulillahi a ciki-ciki, gumi yana bin gemunsa.

A kasuwa Hajiya tana jira, Kimba yana gefenta da wasu direbobi, kowa ya yi kamar wucewa ce ta kawo shi. Aka sauke lodi, Hajiya tana bin filato ɗaya bayan ɗaya da ido. Ko tsaga ba ta samu ba.

"Malam Oumarou, mota ta karɓe ka," in ji ta. "Riƙe makullinka."

Kimba ya rusuna ya ce, "Metir, sannu da hanya."

Baba ya buɗe ƙofa zai sauko da ƙasaita, ƙafar ta ƙi. Ta sage tun daga cinya. Ya dafa ƙofa ya tsaya da ƙafa ɗaya, takalmi ɗaya a hannu, yana jiran jini ya dawo. Da ya ɗan iya takawa, sai ya ɗingisa ya zagayo ta gaban motar, ya buɗe ƙofar da nake zaune, ya miƙo mini makulli a gaban direbobin nan duka.

"Koma can. Ƙafata ta sage, ke za ki kai mu gida."

Na rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Baba, ai wannan motar ba ta buƙatar ƙafar hagu."

"Na sani," ya ce. Ya zauna, ya ja bel ya ɗaura, ya miƙe ƙafafunsa duka biyu. "Ja mu tafi."